Rawanin da Na Ɗaura a Ciki Zuwa Azbin

Tun da na dawo daga Azbin ban huta ba. In na zauna gindin mangwaron bakin kanal, tambaya. In na shiga kasuwar Bunkure sayen taki, tambaya. Har Liman ya tare ni a ƙofar masallaci, wai da gaske ne duwatsun can baƙaƙe ne kamar an babbaka su? Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana yin ƙiba in ya bar bakina, musamman a wurin Alhaji Ɗanbaba, mutumin da iyakar tafiyarsa Ɗanbatta. Shi ya sa na ce bari in sa shi a takarda da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Amma in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: kowane labari da wawansa, wawan wannan kuwa ni ne, Haladu. Ku dai bari in faɗa da bakina.

Kun san halina. Wanda gonarsa take ƙarshen kanal ya san ɗan Adam. Ka sa bututunka a ruwa ka tafi sallah, ka dawo ka tarar ya yi ƙafa ya koma gonar maƙwabci, shi kuma maƙwabcin yana tafa hannu yana taya ka mamaki. Saboda haka ban yarda da kowa ba. Sarkin Zargi da kuke ce mini a ɓoye, ina ji, kuma ban ƙi sarautar ba.

Shekarar farin nan da Buzaye suka yi ta saukowa, wani dogon mutum mai suna Agali ya kafa bukka kusa da gonar albasata, shi da matarsa Tekna da 'yarsu budurwa, Minata. Raƙumansa sun mutu, ya kama yi mini gadi. Rani biyu muka yi tare. Ba ya son surutu, amma in mun zauna mu biyu yakan sassauta rawani ya sauke amawali ƙasan haɓa, mu sha shayi, in zolaye shi ya yi dariya har in ga wushiryarsa. Mai ɗakina Hajjo kuwa ita da Tekna suka zama hanta da jini. Da ruwa ya dawo ƙasarsu suka naɗe tabarmi suka koma garinsu, Timiya, can cikin duwatsu.

Ba a daɗe ba Sabi'u ya same ni. Shi ne ɗana namiji da ya kawo ƙarfi, gonar nan duk a wuyansa take tun da gwiwata ta fara yi mini gardama. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Minata nake so."

Na ce, "Duk 'yan matan Kura da Bunkure da Garun Malam sun ƙare?"

Ya ce, "Ba su ƙare ba. Amma in ba ita ba, zan bi motocin tumatir zuwa Legas, kuma ban ce zan dawo ba."

Yaron ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Na duba gwiwata, na duba gona, na ce to zan je. Aka ba fataken gishiri saƙo su isar cewa ina tafe neman aure. Hajjo ta sayar da tunkiyarta ta aika cikin Kura wurin masu bugu aka sayo rawani ɗan Kura, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar bayan hankaka, an naɗe shi a takarda. A wurin Buzu babu kyautar da ta fi wannan. Abin dariya ma, mu muke rina musu abin da suke ɓoye mana fuska da shi. Ta haɗa da buhun shinkafa ta ce, "Malam, ranar da ka sauka, kafin ka sha ruwa, ka miƙa wa Agali wannan. Ka gaishe su, ka nemi auren, ka dawo. Bakin nan naka kuma ka bar mini shi a gida in ajiye maka."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ai ba a aure sai da binciken asali. A bakin gona muka san mutanen nan, ba mu san su a gida ba. Wa ya sani ko ɓarayin raƙuma ne, ko akwai hauka ko kuturta a dangi, ko sallarsu ta ganin ido ce? Rawani zai fito, amma sai na gamsu.

Daga Kano zuwa Daura babu abin faɗi, sai wani da ya yi ta gyangyaɗi a kafaɗata, na kuwa san ba barci yake ba, aljihu yake aunawa. A iyakar Kwangwalam aka fara karatu. Lokacin ba a daɗe da sake buɗe boda ba, ma'aikata sun yi kewar mutane. Na wannan gefen suka ce shinkafa ba ta fita, sai dai in ta rage nauyi. Ta rage. Na wancan gefen suka soke ta da ƙarfe suka ce ba ta shiga sai an ɗanɗana. Aka ɗanɗana. Buhun da ya bar Bunkure da tumbi ya shiga Nijar kamar ya tashi daga jinya. Wani jandarma mai gajeren wando ya nemi katin allura, na ga dama ta samu na gwada masa Turancina. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Tsoho, nan ba a jin wannan, kuma ina jin can ma ba a ji."

Ganin abin da ya sami shinkafa, na zagaya bayan wani kango, na ɓare takardar rawanin, na naɗe shi a cikina ƙarƙashin singileti, na ɗaure tamau, na mayar da farar rigata. Na fito ina jin babu mai dabara irina tsakanin Kano da Makka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Damagaram gari ne na mutunci, sai dai burodinsu sanda ne. Na rantse da shi za a iya korar akuya daga gona. Da rana tsaka kowa ya rufe shago ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, na ce to mu da ake cewa malalata ga yayyenmu. A zauren wani mai goro na sauka, ya karɓe ni hannu biyu bai tambaye ni komai ba, abin da ya sa na kwana rungume da ragowar shinkafata.

Wanda zai bi hanyar Agadas, ga shawara kyauta: ya yi sallama da inuwa a Tanut. A saman wata babbar mota muka hau, kan buhunan gero, mu da awaki da wata tsohuwa mai tabar gari. Bayan Tanut itatuwa suka fara raguwa ɗaya ɗaya kamar haƙoran Alhaji Ɗanbaba. Kwalta ta ƙare, mota ta riƙa nutsewa a rairayi, a sauko a tona, a shimfiɗa mata faifan ƙarfe, a tura. Ruwan sha a salka yake, ɗanɗanonsa akuya zalla. Da azahar na cika buta zan yi alwala irin tamu ta mutanen kanal, wadda ake yi har da wanke wuya, duk motar ta zuba mini ido. Direba ya zo a hankali ya karɓe butar ya nuna mini ƙasa ya ce, "Baba, ga taimama nan, ba ta ƙarewa." Wani mai rufaffiyar fuska ya miƙo mini dabino. Na karɓa na yi godiya na zuba a aljihu. Haka kawai mutum bai san ka ba ya ba ka abin ci a daji? Na sa ido in ga wanda zai fara sumewa cikin waɗanda suka ci. Babu wanda ya suma, ni dai yunwa ta kusa sumar da ni.

Tun daga nesa ake hango hasumiyar masallacin Agadas, ta jar ƙasa, doguwa, itatuwa sun fito ta ko'ina a jikinta kamar bushiya. Ina sauka tasha wani gajere mai fara'a ya tare ni, rawaninsa a karkace, hannuwansa duk tabon wuta.

"Malam Haladu na Bunkure? Sannu da hanya. Ni ne Bazo, maƙeri, daga Timiya. An ce in taho da kai."

Na ja da baya na dafe ciki. Ya aka yi ya gane ni? Amma sai ya roƙi goro, ya ɓare, ya zagi jandarmomi da Hausa mai daɗi kamar a kasuwar Kurmi aka haife shi, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, mutanen duwatsun nan sai a hankali." Nan take na ji ya kwanta mini. Na kuma lura da wani abu: manyan Buzaye suna yi masa magana a ɗage, shi kuma yana yaɓa musu baƙar magana a fuska. Na ce alhamdu lillahi, ga mai jin haushinsu, ga wanda zai fasa mini ƙwai. Ni maƙeran da na sani su ne namu, su ƙera maka fartanya su koma gida.

Ya kai ni rumfar 'yan'uwansa. Aikin azurfa kam, a ba su. Sukan siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, in ta huce su fasa yumɓun. Sannan a riƙe abin da yatsun ƙafa a yi ta zane da wani ɗan tsinke. Akwai wani abin wuya da kowane gari yake da irin nasa, na Agadas daban, na Timiya daban. Na juya shi na ce, "Wannan ba na 'yan coci ba ne?" Bazo ya ce tun kafin a san coci a nan ake yin sa. Na gatsa shi da haƙori in ji ko dalma ce. Mai rumfar ya karɓe abinsa ya goge da gefen riga. Turawa kuwa ga su nan birjik, jajaye kamar tumatirin da ya kwana a kwando. Wai sun keto sahara da tsofaffin motoci su sayar, su sayi azurfa su koma. Na ce wa Bazo, mutum ba ya keto wannan wuta don abin wuya, akwai abin da suke nema. Ya ce, "Wallahi Malam kai da gani ba a cutarka."

Ya matsa sai na hau hasumiya. Na ce ya wuce gaba, ba na bari a biyo ni a baya a wuri mai duhu. Matakalar tana ƙara tsukewa, jemagu suna shafa mini hula, can kusa da sama ƙaton cikin nan nawa na aro ya cije tsakanin bango da bango. Ba gaba ba baya. Sai da Bazo ya kama hannuna ya fizge ni kamar ana cire rogo. Daga sama na ga garin duka ja, bayansa fili, can arewa kuma duwatsu sun yi layi kamar hadari. Da muka sauko ya tsaya bayana jim, sannan ya ce, "Malam, cikin nan naka lafiya?"

Na ce, "Kumburi ne, ya daɗe."

Ya ce, "Allah ya sauke shi lafiya."

Wata tsohuwar Landiroba ta ɗauke mu zuwa duwatsu. Liman, amsarka ita ce e, baƙaƙe ne, kamar an tara gawayin duniya an manta. Hanya babu, sai dai a bi busasshen rafi, su kori suke ce masa, a hau dutse a gangara, hanjinka yana gaisawa da maƙogwaro. Inda muka tsaya mota ta huce, Bazo ya ja ni bayan wani falalen dutse. Sai ga raƙumin dawa an zana shi a jikin dutsen, ya fi ni tsawo, har da ɗigon jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ga shanu masu dogayen ƙaho, ga jimina, ga mutane riƙe da masu. A gefe wani rubutu, ɗigo da da'ira da ƙugiya.

Na ce, "Wa ya yi wannan? Don Turawa kuka sassaƙa ko?"

Ya ce, "Mutanen da ne. Lokacin nan wurin ruwa ne da ciyawa, ya fi Kura."

Na duba hagu na duba dama, ko tsinken ciyawa babu. Wani abu ya ɗan taɓa ni, na tuna kanal ɗinmu da yadda muke barin ruwa yana kwarara a hanya. Amma ban zo wa'azi ba, bincike na zo. Na jawo Bazo inuwa na ba shi goro guda, fari.

"Tsakanina da kai. Gidan Agali suna zuwa nan su yi yanka?"

"Yanka kuma?"

"Wa gumakan nan. Kuma rubutun nan ba na tsafi ba ne?"

"Af! Ci gaba, Malam, ina jin ka."

Na ci gaba kuwa. Na tambaye shi ko kakan Agali ya taɓa kora raƙuman da ba nasa ba. Na tambayi hauka, na tambayi kuturta, na tambaya ko su 'ya'ya ne ko bayi. Na ce ita Tekna na ga idonta a tsaye yake, anya ba ita ke juya gidan ba? Kowace tambaya sai ya kaɗa kai ya ce, "Kai, wannan tambaya ta yi. Sake faɗa in riƙe ta da kyau." Ni kuma in sake faɗa, har da gyara murya.

Timiya aljannar duniya ce a tsakiyar toka. Ka fito daga baƙin dutse kawai sai ka ga kore: dabino, rumman, lemo, alkama, albasa. A matsayina na manomin rani na tsaya na duba yadda suke ban-ruwa. Rijiya ce, raƙumi ko sa yana jan wasaki, wato gugan fata, ya tafi ya dawo, ruwan ya zuba a kututturen dabino da aka fafe, ya bi 'yan hanyoyi zuwa fangali. Wuni guda ana wannan don abin da bututuna biyu za su yi kafin in gama cin goro. Na tambayi wani mai lambu wa ke satar ruwan wani a nan. Bai gane tambayar ba. Na ce lallai ɓarayin nan sun ƙware.

Agali ya fito tarona. Na buɗe hannu zan rungume abokina, sai na ga ya ja amawali har gindin ido. Ya miƙo hannu ya shafi tafina sau uku a hankali, idonsa a ƙasa, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Mutumin da na san wushiryarsa! Aka kai ni masauki, aka kawo fura irin tasu, gero da cuku da dabino an daka tare, ga sanyi ga daɗi. Aka yanka ɗan akuya. Aka kawo wani burodi da ake binnewa a rairayi da garwashi, a tono a kakkaɓe. Amma Agali bai ci tare da ni ba. In na shigo ya miƙe, in na zauna ya koma gefe ya ba ni kafaɗa. Shayi ma ta ƙarƙashin rawani yake kai shi baki.

Na ba da ragowar shinkafa. Rawani kuwa na ce ya ƙara kwana.

Wani abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, ashe gidan ma ba nasa ba ne. A can ɗaki na mace ne, ita ke da shi da tabarminsa da turakunsa, in an ɓata namiji ne ke ɗaukar takobinsa ya fita. Mata fuska a buɗe, maza a rufe, duniya a kife. Tekna ta zo ta zauna gabana ta tambayi Hajjo, ta tambayi jikokinmu da sunayensu, har tunkiyar nan ta tambaya. Na ce tana nan lafiya. Minata ta kawo ruwa ta gaishe ni da ladabi, ta tsaya kamar tana jiran wata magana, ban yi ba, ta juya.

Na samu Bazo na ce, "Ka gani? Mutumin da ya rufe baki yana da abin ɓoyewa. A Bunkure har dariya yake yi."

Ya ce, "Wannan ma na riƙe ta."

Kwanakin da na yi ina zagaya gari ina baza ido, duk inda na wuce sai in ji dariya a bayana. Mata a bakin rijiya su toshe baki, tsofaffi su bi ni da kallo su dubi juna. In na waiga kowa ya kama aikinsa. Na tabbata an haɗa baki. Zafi kuwa ba a magana, gumi yana bin bayana, wanka sai dai in shafa sama sama don ban yarda in kwance ɗaurin nan ba. Aka kai ni wani wuri bayan gari inda ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a kwarmi, sanyi ƙarara, kowa ya tuɓe ya faɗa. Na ce ni ina da mura.

Ranar da za a yi magana, bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Tekna. Dattawa suka zauna, mata a gefe guda, Agali can ƙarshe, ido kawai. Aka ɗora shayi. Ina shirya yadda zan ce a ba ni lokaci in koma in yi shawara, sai Bazo ya miƙe. Ya ɗauki wata jakar fata ya cusa a cikin rigarsa, ya dafe ta da hannu biyu, ya fara tafiya yana ɗingisa gwiwar hagu yana waige-waige. Kafin ya buɗe baki mata sun fara faɗuwa.

Ya gyara murya irin tawa ya ce, "Tsakanina da kai. Gidan Agali suna zuwa nan su yi yanka?"

Ya faɗa da Hausa, ya juya da Buzanci. Bai bar ko ɗaya ba. Raƙuman sata, hauka, kuturta, 'ya'ya ko bayi, idon Tekna da yake a tsaye. Har gatsa azurfa ya yi, har maƙalewa a hasumiya. Da ya zo kan bayi dariyar ta ɗauke, wani dattijo ya ajiye kofinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Bazo, amana fa!"

Ya ce da muryarsa ta gaskiya, "Malam, wace amana? Ni maƙerin gidan nan ne, ubana maƙerin uban Tekna ne. Maganar aure a nan mu ke kai ta mu ke kawo ta. Abin da kunya ta hana su faɗa mu muke faɗa, abin da aka faɗa mana kuma nasu ne. Ai na gaya maka tun a tasha aiko ni aka yi. Duk Azbin ka rasa wanda za ka ba ajiyar magana sai maƙeri?"

Dattijon nan da ya ajiye kofi ya ce cikin Hausarsa mai nauyi, "Baƙo, ka ce Agali ya rufe baki don yana ɓoye abu. Mu ba ma rufe fuska haka sai ga wanda muke jin nauyinsa. A garinku abokinka ne, ya sha shayi da kai. Tun ranar da saƙonka ya iso ya ɗauke ka suruki. Shi ya sa ba ya iya ci a gabanka."

Wato tun kafin in hau mota sun riga sun ba da. Ni ne na zo da ƙafata ina kwance abin da aka ƙulla. Sabi'u ya faɗo mini a rai, na gan shi a saman motar tumatir ya ba Bunkure baya.

Bazo ya ce, "Saura ɗaya. Malam, don Allah tuɓe rigar nan ka dubi bayanta."

Na tuɓe. Jama'a, tun daga kafaɗa har ƙugu farar rigar nan ta zama shuɗiya, da sheƙinta da komai. Gumi ya jiƙa rawanin, shuni ya keto singileti ya fito. Ni da aka haifa jifa kaɗan daga karofin Kura, ni da na san ɗan Kura ko hannu ka sa masa sai ya bar maka shaida. Gaba na yi ta karewa, ban taɓa tunanin baya ba. Ga shi kuwa duk Azbin babu wanda bai san wannan launi ba, da shi suke ado. Tun daga hasumiyar Agadas kowa ya san baƙon Agali yana ɗauke da ɗan Kura a ciki, ya ci akuyarsa, ya sha furarsa, ya hana shi.

Na zagaya bayan ɗaki na kwance. Abin da ya fito ba shi ne abin da Hajjo ta sayar da tunkiya ta saya ba. Ya yamutse, sheƙin ya tafi, rabinsa yana jikina. Na dawo na durƙusa da gwiwar nan mai ciwo na miƙa wa Agali da hannu biyu na ce, "Saƙon Hajjo ne. Cewa ta yi in ba ka kafin in sha ruwa. Laifin nawa ne, kada a ɗora wa yaron."

Ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa wa Tekna. Ta warware shi a cinyarta tana shafa inda ya yamutse, ta tambaye ni, "Da me Hajjo ta saya?"

Na ce, "Da tunkiyarta."

"Wadda ka ce tana nan lafiya?"

Na sunkuyar da kai. Ta waiga ta dubi Minata da ke tsaye bakin ƙofa, suka yi magana gajeriya da yarensu. Sannan ta naɗe rawanin a hankali ta ɗora a kan gwiwar mijinta.

Ta ce, "Mun karɓa. In an gama girbin dabino ku turo, mun ba Sabi'u."

Wani sanyi ya sauko mini har tafin ƙafa. Kuma kun san ni, da na ji ƙasa ta tsaya sai bakin da Hajjo ta ce in bari a gida ya farka. Na gyara zama, da shuɗin cikina a waje, na ce, "To alhamdu lillahi. Ai bincike ba laifi ba ne, kowa yana yi. Ku ma da kun bincika da kun ji gidan Haladu gidan mutunci ne."

Tekna ta ce, "Mun bincika, Malam. Rani biyu muna bakin gonarka muna kallo, yanzu kuma ga Bazo ya ƙarasa mana. Abu ɗaya ne ya kwantar mana da hankali."

Na ce, "Me ke nan?"

Ta ce, "Yaron uwarsa ya biyo."